Tafiyata Katsina da Jan Tambari a Permi

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya fitar da ni lafiya ya maido ni da raina.

Tun ranar da na dawo Madarumfa da ƙafa, ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na je masallaci, tambaya. In na je bakin tabki sayen kifi, tambaya. Yaya ƙasar Ingilishi? Ina kamiyon Alhaji? Na gaji da ba da labari guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Saboda haka na zauna na rubuta shi bi da bi, daga fita har dawowa. Wanda ya yi lakkol, wato boko, ya karanta wa wanda bai yi ba. Bayan wannan kada a sake tare ni a hanya.

Kafin tafiya sai in faɗi abin da kowa ya sani a garin nan, saboda baƙon da takardar za ta faɗa hannunsa. Sunana Lawali, direba ne ni. Shekarun baya ina dawowa daga Gabi da lodin gero, na tsaya ƙauyen wasu abokaina Arna ana shagalin kaka, na sha giyarsu, na hau kamiyo, wato motar kaya, na kifar da shi a gangaren tabki. Wani fasinja ya karye a cinya, har yau yana ɗingishi. Na yi zaman kaso a Maraɗi. Da na fito, kumandan, Baturen da ke mulkinmu, ya riƙe permi ɗina, wato takardar izinin tuƙi, ya daɗe bai ba ni ba. Da ya tashi bayarwa ya buga masa jan tambari, ya ce in aka sake kawo masa ƙarata kan giya, ko daga nan ko daga ƙetare, a gabana zai yage shi. Tun daga kaso ban sake kai ƙwarya baki ba. Amma tun daga nan babu mai mota da ya ba ni ko da taya in ɗaure.

Bana da cinikin gyaɗa ya buɗe, kurkunu ya fito wa direban Alhaji Barmo a ƙafa, ga buhuna jibge a sito, ga masu saye suna jira a Kano. Alhaji ya nema ya rasa, sannan ya aiko a kira ni. Ya ce, “Lawali, zan gwada ka. In ka kai ka dawo lafiya, motar taka ce har ƙarshen ciniki. Amma Malam Idi zai zauna kusa da kai.” Malam Idi wan uwargidansa ne, dattijo mai tsoron Allah, marar yawan magana. Na ce na yarda.

Zangon farko shi ne daga nan zuwa Ɗan Issa. Hanya ce da kuka sani, ba sai na faɗa ba. Abin da ba ku sani ba shi ne zaman cikin mota. Malam Idi goro kawai yake ci. Amma duk lokacin da na ɗaga gorata na sha ruwa, sai ya miƙo hannu kamar shi ma ƙishirwa yake ji, ya kai ta hanci, ya mayar. Na ci gaba da tuƙina. Aikinsa ke nan.

A duwan na Ɗan Issa, wato kwastan, na tarar da wani gardi da ya tsare mu a kaso, Sumaila. Tun daga nesa ya ƙwala kira.

“Kai! Sha-ka-tuƙa! An sake ka bisa mutane?”

Na ce, “Ina kwana, Sumaila.”

Ya ce, “Jama’a ku janye awakinku, ga Lawali ya samu mota!”

Masu canji da masu fura suka yi dariya. Na tsaya har ya gama, ya duba takardun kaya, ya buga hatimi. A nan Malam Idi ya canza dalolinmu na Faransi da kuɗin Ingilishi, sulalla da kwabbai masu huda a tsakiya. Na ga mutanen can suna zura su a zare kamar tasbi. Ban ga laifin wannan dabara ba, kuɗi ba ya zubewa.

Zango na biyu, Jibiya. Nan ne ƙofar ƙasarsu. Abu na farko da na lura, ’yan dokarsu ba su da bulala irin ta gardawanmu, kulki ne da jar hula. Na biyu, ba sa cewa permi, lasin suke cewa. Sajensu wani dogo ne mai sanyin murya. Ya karɓi permi ɗina ya juya shi, ya ɗora yatsa a kan jan tambarin.

“Wannan fa?”

Kafin in buɗe baki ya kira wani tsohon soja da ke yi musu tafinta, ya karanta masa Faransancin. Saje ya dube ni daga hula har takalmi.

“Matso. Hura mini.”

Na hura masa numfashi a fuska. Ya sa aka ja layi a ƙasa da kulki, ya ce in bi shi, ƙafa gaban ƙafa, in je in dawo. Ni da furfura ta fara fito mini a gemu. Mata masu talla suka sauke tire suna kallo, wata ta ce, “Wayyo, rawa ake koya mishi.” Na je na dawo ban kauce ba.

Saje ya ce, “Malam, ba ni da dokar da zan hana ka wucewa. Amma na gan ka. Ko kaza ka take a ƙasar nan, lasin ɗinka ta hannuna zai koma wurin kumandanku. Ka kuma san hannunmu?”

Na ce na sani. Ku da ba direbobi ba, sai ku saurara, don a nan maganar take. Hanyar mota guda ce, jar ƙasa, kowa tsakiya yake bi. Sai an yi kiciɓis da wata mota ake rabewa. A wurinmu kowa ya rabe dama. A wurinsu kowa ya rabe hagu. Har sitiyarin motocinsu a ɗaya gefen yake. Ni ban taɓa tuƙi a ƙetare ba, saboda haka tun a gida na ɗaura jan zare a wuyan hannuna na hagu. Daga Jibiya zuwa Katsina na gamu da motoci da dama. Duk wadda na hango ƙurarta, sai in rage gudu, in dubi zaren, in ce “hagu” da ƙarfi, in rabe. Malam Idi ya dube ni sau ɗaya, ya ci gaba da goronsa.

Zango na uku, Katsina. Mun shiga bayan azahar, muka sauka gidan wani fatoma kusa da tasha, inda direbobi da fatake ke kwana a zaure. Maganar mutanen irin tamu ce, ba ka cewa ka bar gida sai an zo kan kayan Turawa. Mu biro, su ofis. Mu kamiyo, su lori. Burodinsu ba dogo ba ne mai ɓawo irin na Maraɗi, curi ne mai laushi da zaƙi, in ka matsa shi ya koma kamar auduga. Shayinsu madarar gwangwani ta yi masa yawa. Tuwonsu dai tuwo ne, sai dai miyar ta fi tamu manja. Wani abu kuma, na wuni a garin ban ga Bature ko ɗaya ba. Mu a nan ko rigimar jaki sai an kai gaban kumandan. Su komai na hannun alƙali da ’yan doka, Baturen yana can bariki ba a ganinsa.

A zauren na gamu da Garba Tsululu, direba daga Tasawa, wanda muka sha tare shekara da shekaru. Ya rungume ni, ya yi murna ta gaskiya, ba zan ɗauke masa wannan ba.

“Lawali! Ashe kana duniya? Tashi mu tahi bayan gari, akwai wata mai kwalba, ba irin ruwan dawon Arnanku ba.”

Na ce, “Na bari, Garba.”

“Ka bari mi? Nan ba kumandan, ba gardi. Wa ya san ka?”

“Na bari.”

Ya juya wurin sauran direbobi ya ce, “Ku gyara sahu, liman ya iso.” Suka yi dariya, suka yafa riguna suka fita. Fatake kuwa sun riga sun ji labarina daga bakin Garba, kowa ya ja tabarmarsa gefe. Masu sha sun tafi, marasa sha ba sa so na. Malam Idi ya tafi gai da wani malaminsa a cikin gari. Na ci tuwona ni kaɗai, na yi la’asar, na ga zaman ba zai yiwu ba, na fita.

Na yi ta tafiya cikin lunguna har na ɓulla gindin ganuwa. A nan na tarar da wani tsoho a ƙofar gida yana tufkar igiya da rama. Na yi sallama, ya amsa, ya nuna mini gefen buzunsa. Bai tambayi sunana ba, bai tambayi garinmu ba. Can ya miƙo mini bakin igiyar ya ce, “Riƙe mini nan, ɗana.” Na riƙe, yana murzawa a cinya. Ya ce ramar bana ba ta da ƙarfi, ruwa ya ɗauke da wuri. Na ce mu ma haka. Iyakar hirarmu ke nan. Muka yi magariba tare a wani ɗan masallaci, na yi masa sallama, na lalubo hanyar masauki. In kuna tambayar abin da ya fi mini daɗi a ƙasar Ingilishi, to wannan zaman ne.

Zango na huɗu bai yi nisa ba. Mun fita ta hanyar Kano da sassafe, na yi barci isasshe, idona garau. Hanya fayau, ba mota gaba ba mota baya, ina tsakiya kamar kowa. Ba mu daɗe da barin gari ba muka iso wata kwana da kukoki suka rufe. Ina karyawa, sai ga lori cike da buhunan gishiri a gabana, kusa ƙwarai.

Zaren yana nan a hannuna. Hannun bai dube shi ba. Abin da ya saba shekara da shekaru shi ya yi, ya karya dama. Direban lorin shi ma ya yi abin da ya saba, ya karya hagu. To ku tsaya ku fuskanci juna ku gani: damata ita ce hagunsa. Mu biyu muka nufi gefe ɗaya. Da na ga haka na ƙara karyawa, na bar masa hanyar gaba ɗaya, na faɗa kwalbati, na ɗauki shingen wata gona, na daki rumbu. Kamiyo ya kwanta a gefensa a hankali kamar raƙumi.

Ba wanda ya mutu. Malam Idi ya fashe a goshi. Buhuna kaɗan suka yage, gyaɗa ta watsu, awakin ƙauyen suka samu sallah. Gorar furar Malam Idi, wadda ya saya tun Jibiya ta kwana ta yi tsami, ta fashe a kan rigata.

Direban lorin ya sauko, ya shaƙe ni, sai ya saki ya ja da baya.

“Ku ji warinsa! Wallahi a buge yake!”

Mutane suka taru, kowa ya matso ya shinshina ya gyaɗa kai. Da ’yan doka suka zo suka karɓi permi, suka ga ja, magana ta ƙare a wurinsu.

Zango na biyar ban yi niyyarsa ba, ɗakin tsaro na ’yan doka. Ya fi kason Maraɗi tsabta, ba a kuma duka. Amma al’adarsu, wanda ba a yanke wa hukunci ba danginsa ke kawo masa abinci. In rana ta yi, sai ka ji ana kiran sunaye a ƙofa, kowa ya tashi ya karɓo akushinsa. Ni nakan juya fuska bango. Malam Idi yana can yana fama da ɗinkin goshi da masu tayar da mota, ban ga laifinsa ba. Garba ya wuce Kano. Rana ta biyu wani mahauci da aka tsare kan faɗa ya turo mini akushinsa da ƙafa.

“Baƙo, ci. Matata ba ta iya miya ba, ka taya ni azaba.”

Na ci. Miyar ba ta da laifi.

Da aka kai mu gaban alƙali, na tarar da dattijo ne ƙanƙane, zaune kan buzu, littattafai a gefensa. Direban lori ya yi magana, ya ce wari ya ji da hancinsa, kuma mai hankali ba ya barin hannunsa ya biyo na wani. Mai rumbu ya yi tasa. Aka karanta jan tambari. Sannan alƙali ya juya ga Malam Idi.

“Kai ne ke tare da shi. Ya sha?”

Malam Idi ya gyara zama. Ya ce, “Allah gafarta Malam, furar da ke rigarsa tawa ce. Tun daga gida ban ga ya sha komai ba sai ruwa. Amma daga la’asar zuwa bayan magariba ban san inda ya tahi ba. Abokansa na da sun fita, shi ma ya fita. Abin da ban gani ba, ba ni shaida a kansa.”

Gaskiya ya faɗa, ba ƙari ba ragi. Alƙali ya tambaye ni inda na je. Na ce wurin wani tsoho mai tufka a gindin ganuwa.

“Sunansa?”

“Ban tambaya ba, Allah gafarta Malam.”

“Wace unguwa?”

“Ban sani ba.”

Aka yi ’yar dariya a bayana. Alƙali ya ce in faɗi yadda aka yi. Na ga baki ba zai iya ba, na nemi izini na ɗauko takalmana daga ƙofa, na ajiye su suna fuskantar juna, na nuna masa yadda kowanne ya karya zuwa hannun ƙasarsa. Ya sunkuyo ya duba, ya sa na sake.

Ya ce, “Wato ku duk ƙasarku a bauɗe kuke tafiya?”

Na ce, “Allah gafarta Malam, mu ma haka muke faɗi a kanku.”

Ban faɗa don wasa ba, amma har muhuti, mataimakin alƙali, sai da ya rufe baki da hannun riga. Alƙali ya ce wari ba hujja ba ne tunda ga mai fura ya amsa furarsa, tambari kuma labarin jiya ne. Mai ƙara ba shi da shaidu, saura rantsuwa a kan wanda ya musa. Ya dube ni ya ce, “Ka san abin da ke bin mai rantsuwar ƙarya. In ka sha, faɗi yanzu, tara ce da bulala, ka tsira da lahirarka.”

Na ce a ba ni buta. Na yi alwala, aka kai ni ƙofar masallaci, aka ɗora mini Alƙur’ani a hannu. Na rantse ban sha abin maye ba, ba a Katsina ba, ba a hanya ba, ba tun ranar da na shiga kaso ba. Wannan na ƙarshe ba a nema ba, ni na ƙara.

Alƙali ya yanke a biya mai rumbu ɓarnarsa, a mayar mini da permi ba tare da an aika wa kowa komai ba. Ɗan doka ya miƙo mini shi. Na sa a aljihu.

Na tarar an tayar da kamiyo an kai shi tasha, an sake lodi. Fitila ɗaya ta fashe, ƙofa ta lotsa, inji lafiya lau. Na zagaya shi, na duba mai da ruwa, na kama ƙofa zan hau. Sai na ga mutum a kujerata, wani Bakatsine.

Malam Idi ya ce, “Lawali, na ɗauki direba. Ya san hannunsu.”

Na ce, “Malam, a gabanka na rantse.”

“Na ji. Ban ƙaryata ka ba. Amma dukiyar mutane ce, kuma Kano ta fi nan motoci.”

Ya ba ni kuɗin mota da na abinci. Na sauko da buzuna da gorata. Na tsaya har suka fita tasha. Saboda haka masu tambayata yadda Kano take, da jirgin ƙasa, da dalar gyaɗa, ku tambayi Malam Idi.

Zango na ƙarshe, dawowa. Na hau saman wata lori mai ɗauke da goro da kananzir, cikin fasinjoji. A Jibiya ba wanda ya nemi takardata, fasinja ba ya hura wa kowa. A Ɗan Issa Sumaila ya hango ni a sama, ya buɗe baki zai yi kira, ya dubi bayan lorin bai ga kamiyo ba, sai ya yi shiru. Da ya yi kiran ma da ya fi mini. Na sauka a mararraba na ƙaraso gida da ƙafa.

Ban je wurin Alhaji Barmo ba sai da Malam Idi ya dawo, don kada a ce na riga shi kai magana. Na same su a zaure. Na gaishe su, na zauna, na ciro permi na ajiye a gaban Alhaji don ya ga ba a ƙara masa komai ba.

Alhaji ya ce, “Idi ya gaya mini duka. Ya ce ka bar wa mutumin hanya ka faɗa rami, da ba haka ba da an yi gawa. Ya ce ka dafa Alƙur’ani ba ka yi rawar hannu ba. Na yarda da kai, Lawali. Wallahi na yarda.”

Na ce, “Na gode, Alhaji.”

Ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli ya miƙo mini. Na duba. Makullin sito ne.

Ya ce, “Awon gyaɗa yana son mutum mai gaskiya.”

Na karɓa da hannu biyu, don haka aka koya mini. A sito nake yanzu. Ni ke auna buhunan, ni ke tsayawa a ɗora su bisa kamiyo, in ya tashi in rufe ƙofa.